Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Yankin Arewa Da Magadan Gari: A Haɗa Cibiyoyinmu Su Sayi Makamashi A Sari

Mai girma Shugaban Majalisar Yankin Arewa, masu girma 'yan majalisa, iyayenmu sarakuna da wakilansu da ke zaune a cikinta, Magajin Garin Garwa, da sauran magadan gari na Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rey,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar jama'a da ke wuyanku, ya kuma ba ku lafiya da basirar sauke ta.

Ni ma'aji ne na kwamitin da ke kula da wata ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa a nan Garwa, kuma shekara tara ke nan littafin shiga da fitar kuɗinta yana hannuna. Ba da yawun kaina kaɗai nake rubuta wannan takarda ba. Wata Asabar bayan la'asar muka zauna a farfajiyar cibiyarmu, ni da ma'aji ɗaya-ɗaya daga makarantu biyu masu koyar da Faransanci da Larabci, da wata hajiya mai riƙe da gidan marayu, da wata sista daga cibiyar lafiya ta coci, da shugaban iyayen yara na wata makarantar gwamnati, da masu kula da rijiyoyin burtsatse uku. Kowa ya zo da rasitansa na man janareto, da na batura, da na farantan sola, da na gyara, muka baje su a kan tabarma muka gwada. Abin da muka gani ne ya sa suka ɗora mini nauyin rubuto muku.

Ba mu zo neman a ƙara mana wuta daga madatsar ruwa ta Lagdo ba, domin mun san wannan ba a hannunku yake ba. Madatsar da aka kammala a 1982 an gina ta ne don ta ba da megawat 72 ga Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa a lokacin da jama'a ba su kai yawan yau ba, kuma duk shekarar da damina ta yi rowa, ruwan ya ja baya, kowa yana ji a jikinsa, kamar yadda muka ɗanɗana a 2021. Mun ga tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30 a haɗe, sun kawo sauƙi, muna kuma sauraron ranar da za a haɗa layin kudu da na arewa har wutar madatsar Nachtigal da ke kudu ta iso mana. Kafin wannan rana, da ma bayanta, asibiti da makaranta da rijiya ba za su rabu da neman madogara ta biyu ba, balle ƙauyukan da ko turken wuta bai kai musu ba. Kokenmu a kan wannan madogara ta biyu yake: yadda kowace cibiya take sayen nata ita kaɗai, a farashin kiri, ba mai duba mata, ba mai tsaya mata.

Abu na farko shi ne tsada. A watan Fabrairun 2023 farashin hukuma na litar gazuwal ya tashi daga sefa 575 zuwa 720, na fetur daga 630 zuwa 730, sannan a Fabrairun 2024 gazuwal ya kai 828, fetur 840. A da can masu ƙananan janareto suna fakewa da zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri da ake shigowa da shi daga Najeriya, amma tun da aka janye tallafin mai a can a ƙarshen watan Mayun 2023 wannan inuwar ma ta gushe, sai dai haɗarin gurɓataccen mai da ke kashe inji ya rage mana. Lita ɗaya ta gazuwal a ƙaramin janareto ba ta wuce ta ba da kilowat-awa uku ba, ke nan kowane ɗaya yana tsaya mana kusan sefa 275 a mai kaɗai, ban da baƙin mai da gyara, alhali na layi bai kai rabin haka ba. A littafina, daga Maris zuwa Mayu, kuɗin mai yakan haura kuɗin da muke biyan mai gadi da mai shara a haɗe. Kuɗin nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba, daga ɗan abin da majinyata ke biya na kati da awo yake fita, wato daga aljihun matar da ta sayar da mudun gyaɗa kafin ta kawo ɗanta. Shugaban iyayen yara ya ce su nasu daga karo-karon iyaye yake fita, kuma bara sun fasa sayen benci ashirin saboda ɗakin kwamfuta ya ci kuɗin a mai.

A kan kayan sola abin ya fi ban takaici. Cikin rasitan da muka baje, cibiyoyi uku sun sayi faranti iri ɗaya, mai ƙarfi ɗaya, cikin watanni huɗu, kuma tsakanin wanda ya fi arha da wanda ya fi tsada akwai kusan kashi ɗaya cikin uku. Wadda ta biya mafi tsada ita ce hajiyar gidan marayu, domin ba ta da wanda zai raka ta kasuwa ya taya mata ciniki. Kayan nan suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, su gangaro Garwa, kuma a kowane zango akwai hannun da zai ɗora ribarsa. Dokar kuɗi ta 2024 ta yafe kuɗin kwastan a kan kayan sola na tsawon wata 24, abin a yaba ne, amma wanda ya shigo da kwantena shi ne ya ga wannan rangwame da idonsa. Mai sayen faranti biyu a shago ba shi da hanyar sanin ko an rage masa ko ba a rage ba.

Abu na biyu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne jabun kaya. A nan zan roƙi ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ya faru a gabana. Mun tara kuɗi wata goma sha ɗaya muka sayi batura huɗu, kowane an rubuta amfiya 200 a jikinsa, don firjin allurar rigakafi ya riƙa kwana da sanyi idan an ɗauke wuta. Wata bakwai bayan haka, a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 har bango ya kwana da ɗumi, aka ɗauke wuta tun azahar. Wajen ƙarfe goma sha biyun dare majon cibiyar, wato babban ma'aikacin jinyarmu, ya buga mini waya ya ce, “Baba ma'aji, inbata ta mutu, ma'aunin firji ya wuce takwas yana hawa.” Allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, kuma ba a jefa ta cikin firizar mai ƙanƙara, domin daskarewa tana lalata wasu kamar yadda zafi ke lalata wasu. Janareto ba mai, gidan mai a rufe. Na hau babur na taso wani mai sayar da ƙanƙara daga barci, muka naɗe ƙanƙarar da tsumma muka jera a kula, muka kwashe abin da za mu iya. Da gari ya waye majo ya ɗauki kwalaben maganin shan inna ɗaya bayan ɗaya yana duba ɗan murabba'in da ke jikin takardarsu, wanda yake yin duhu idan zafi ya taɓa maganin, yana ware waɗanda suka yi duhu a gefe. Ranar rigakafi ce. Mata sun cika rumfa, wasu sun tsallako kogi tun da asuba da goyo, kuma ni aka sa na fita na ce musu su koma sai wani mako. Ba dukansu suka dawo ba.

Daga baya wani mai gyara ya ɗora batir ɗaya a sikeli. Batirin dalma mai amfiya 200 na gaske yana kai wa kilo 60 ko kusa da haka, namu bai cika 40 ba. Na koma wa wanda ya sayar mana, ya ce shi ma haka aka sayar masa, kuma rasitin da ya ba ni babu maganar garanti a ciki. Ban kai shi ƙara ba, domin kuɗin shari'a ya fi ƙarfin kwamiti, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Da na ba da wannan labari a zamanmu, mutum biyar cikin tara suka ce irinsa ya same su. Ma'aji irina ya san lissafi, amma bai san yadda ake gane faranti na gaske da na bogi ba, bai kuma san cewa batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa idan ya zauna a ɗakin da ya haura digiri 25 da goma ba, ko cewa akwai firjin rigakafi mai aiki da rana kai tsaye ba tare da batir ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Duk wannan sai bayan asara na koya.

Abu na uku shi ne gyara. Duk wanda ya zaga cibiyoyin lafiya da makarantun yankin nan ya ga farantan sola a kan rufi da ba su aiki, wasu kyautar ƙungiyoyin agaji, wasu na 'yan siyasa, wasu na 'ya'yan gari da ke zaune a waje. An kafa su da kyakkyawar niyya, an yi hoto, an tafi, ba a bar kuɗin gyara ba, ba a bar lambar wanda za a kira ba. Kowane mai kyauta da irin nasa samfurin, shi ya sa in ƙaramin abu ya ƙone a inbata sai a rasa madadinsa a duk faɗin Garwa. Ƙurar hunturu kaɗai tana rage ƙarfin faranti matuƙa idan ba a goge shi, kuma akwai wuraren da ba a taɓa gaya wa kowa cewa ana gogewa ba. Ɗaya daga cikin masu kula da rijiyoyi ya ce famfonsu ya yi wata biyar a tsaye saboda na'urar da ba ta kai girman akwatin takalmi ba, a wannan tsakani mutanen unguwar suka koma ɗiban ruwan rafi, mu kuma a asibiti muka riƙa karɓar yaransu da gudawa.

Hajiyar gidan marayu ta ce kada in manta da girki. Itace yana ƙara tsada yana ƙara nisa, tukunyar gas kuma sai ta ɓace a kasuwa daidai lokacin da ake nemanta, kuma ita bakin yara sama da talatin take ciyarwa.

Ranku ya daɗe, maganin da muke kawowa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Idan salla ta matso, mutum goma da ba wanda zai iya sayen sa shi kaɗai sukan haɗa kuɗi su yi watanda, su tura wanda ya san dabba ya je kara ya zaɓo, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa da arhar da ba zai samu a wurin mahauci ba. Manoman auduga ma ba kowa ke zuwa neman buhun takinsa shi kaɗai ba: ƙungiyoyinsu na ƙauye suna tattara buƙata, a haɗa ta ta hannun tarayyarsu ta ƙasa da kamfanin auduga na SODECOTON, a yi oda ɗaya babba, a raba bashi, a cire idan an sayar da auduga. Magungunan da ke kantin cibiyarmu ta irin wannan hanya suke zuwa, daga CENAME, cibiyar samar da magunguna ta ƙasa, zuwa asusun lafiya na yanki, shi ya sa ba ma zuwa kasuwa neman maganin zazzaɓi. Idan an iya yi wa taki da magani, mene ne ya hana a yi wa batir da faranti, alhali maganin ma ba ya zama lafiya sai da su?

A wasu ƙasashe an daɗe da yi wa makamashi haka. A Faransa hukumar saye ta UGAP tana haɗa ma'aikatu da asibitoci da makarantu ta nema musu tayin wuta da gas a dunƙule. A jihar Massachusetts ta Amurka akwai PowerOptions, wadda tun 1996 take yi wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba da cibiyoyin gwamnati ciniki a haɗe. Wajibi ne in faɗi bambancin, don kada a ce mun kwaso abin da bai dace da mu ba. Su can akwai kamfanonin sayar da wuta da yawa masu gasa, mu nan mai rarrabawa ɗaya ne, kuma farashin yana ƙarƙashin ARSEL, hukumar kula da harkar wutar lantarki, kamar yadda gwamnati ce ke yanke farashin mai. Saboda haka ribar haɗuwarmu ba a kuɗin mita take ba. Tana cikin farantai da batura da inbata da famfunan rijiya da firji, da yarjejeniyar gyara, da tabbacin samun mai mai kyau da gas a kan lokaci.

Dalilin da ya sa muka nufo ku shi ne doka ta riga ta ba ku wuƙa da nama. Dokar ƙananan hukumomi da yankuna ta 24 ga Disamba 2019 ta damƙa wa magadan gari kula da cibiyoyin lafiya da makarantun firamare, ta ba yanki makarantun sakandare, ta kuma halatta wa ƙananan hukumomi su haɗa kai a kan aikin da ya shafe su tare. Tun da aka zaɓi majalisun yankuna na farko ranar 6 ga Disamba 2020 muke sa ran mulkin da ya matso kusa zai ga irin waɗannan ƙananan ramuka da Yawunde ba za ta hango ba. Mu kwamitoci ba mu da ikon kiran taron da kowa zai amsa, ku kuna da shi.

Roƙonmu na farko shi ne a ƙidaya. A tura wa kowace cibiyar lafiya da makaranta da gidan marayu da kwamitin rijiya takarda mai shafi ɗaya, a tambaye su abin da suke kunnawa, da awa nawa suke rasa wuta, da nawa suke kashewa a mai duk wata, da kayan sola da suke da su, masu rai da matattu. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma sai da shi za a san girman odar da za a fita da ita. Muna roƙo da babbar murya kada a tsaya a kan na gwamnati kaɗai. Cibiyar coci da makarantar Islamiyya da gidan marayu aikin jama'a suke yi, yaran da suke karɓa 'ya'yan yankin nan ne, kuma shigarsu ita ce za ta ƙara wa odar nauyi.

Bayan ƙidaya, a kafa ƙungiyar saye ta haɗin gwiwa, ko a ƙarƙashin haɗakar ƙananan hukumomi ko a matsayin ƙungiyar gama-kai, yadda masana dokarku suka ga ya fi. Shiga ta zama ganin dama, kowace cibiya ta biya nata kason, kuma masu biya su sami kujeru a kwamitin da zai buɗe tayi. A nemi ƙwararru, irin waɗanda babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa ke yayewa a fannin makamashi mai sabuntuwa, su rubuta siffar kayan da za a karɓa, a taƙaita su zuwa samfuri biyu ko uku domin kayan gyara su samu, kuma duk abin da ya iso a gwada shi a auna shi kafin a biya. Kada a sa hannu da kowane ɗan kwangila sai ya yarda da garanti a rubuce, da ajiye kayan gyara a Garwa, da zagayen dubawa a kan lokaci na shekaru, da koya wa mutum ɗaya a kowace cibiya abin da zai riƙa yi da hannunsa. A fara da tayar da matattun kayan da ke kan rufi, domin da yawansu batir ko inbata kaɗai suke jira.

Sai maganar biya, wadda ita ce ƙashin bayan abin. Ƙaramar cibiya ba za ta iya zube kuɗin sola a rana ɗaya ba, amma tana iya biyan abin da take ƙonawa a mai duk wata. Tashoshin Marwa da Gidar kansu haya aka ɗauko su daga kamfanin Scatec, ba saye aka yi ba. Idan babban kamfanin rarraba wuta ya ga hikimar haka, mu ma muna roƙon ku nema mana irin wannan tsari na biya sannu a hankali, ku tuntuɓi FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, da hukumar kai wuta karkara da abokan hulɗa don a sami asusun da zai tsaya mana jingina. Game da mai da gas kuwa, yarjejeniya ɗaya da dillali mai lasisi, wadda za ta sa cibiyoyin lafiya a gaba idan an shiga ƙaranci, za ta raba mu da yawon neman galan da tsakar dare.

Akwai fargaba uku da abokan zamana suka ce lallai in rubuta, kuma ni ma ina tare da su. Babbar kwangila tana jawo manyan ƙudaje, kuma idan aka bar ta a ɗaki mai duhu za mu wayi gari muna sayen jabun da muka gudu a farashin da ya fi na kasuwa. Don haka muna so a buɗe tayi a bainar jama'a, a manna farashin kowane kaya a allon ma'aikatar magajin gari, a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci. Ta biyu, jinkirin biya da aka san wasu ma'aikatu da shi kada ya shafi wanda ya biya nasa a kan kari, kowa bashinsa ya tsaya a kansa. Ta uku, 'yan kasuwarmu da masu gyaranmu na gida kada a ture su gefe. A raba aikin kafawa da dubawa gunduma-gunduma yadda matasan Gidar da Pitowa da Lagdo da Poli da Collire za su iya nema, domin wanda ke kwana a garin shi ne zai amsa waya da ƙarfe goma sha biyun dare.

Ba mu ce a fara da yankin gaba ɗaya ba. Cibiyoyi ashirin ko talatin a Garwa da kewayenta sun isa gwaji na shekara ɗaya, a ga abin da ya ragu a littattafansu, sannan a faɗaɗa. Muna roƙon ku sa wannan batu cikin ajandar zamanku na kasafin kuɗi mai zuwa, ku kuma ba mu rana mu zo gabanku kafin zafin Maris ya sake kamawa. Mu tara da muka zauna mun amince mu zama na farko, za mu zo da littattafanmu da rasitanmu yadda suke, kuma batirin nan da aka ɗora a sikeli yana nan a ajiye a ɗakin kayanmu ga duk ɗan majalisar da yake son ya ɗaga shi da hannunsa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu Kamaru lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ma'ajin kwamitin wata cibiyar lafiya ta unguwa, a madadin takwarorinsa takwas,
Garwa.